Jan Gilashin Ɗakin Duhu

Da misalin ƙarfe tara na safiyar Talata wani dattijo ya shigo caji ofis da ambulan a hannu, ya tsaya gaban kanta ya ce ya kawo ƙarar sata. Kofur Mikail ya buɗe littafi ya tambayi abin da aka sace. Dattijon ya ce duhu aka sace masa a shago.

Kofur ya ajiye biro ya kwashe da dariya, ya ce ai duhu kyauta ake raba shi a garin nan, ya koma gida ya jira a ɗauke wuta. Masu zaman benci suka taya shi. Dattijon ya tsaya a wurin da ambulan ɗinsa a hannu.

Sufeto Ketura Manasse tana ofishinta, ƙofa a buɗe. Abu ɗaya ne ba ta iya haɗiyewa a aikin nan, wato a mai da mai furfura abin dariya a gaban kanta. Ta fito ta kalli Kofur sau ɗaya, dariyar ta maƙale masa a wuya. Ta ja wa dattijon kujera da kanta.

Sunansa Ba'ana, amma duk unguwar Gwange Baba Mai Hoto ake ce masa. Shekara arba'in da bakwai yana wankin hoto baƙi da fari a ɗaki ɗaya. A zamanin ƙuruciyarsa kowace ranar kasuwa yakan tafi garin Konduga da kyamara, kuma bai taɓa zubar da nagatif, wato fim ɗin da ake buga hoto daga shi, ko ɗaya ba. Da rikici ya kori mutanen can daga gidajensu, hotunansu suka ƙone tare da ɗakuna, sai ya zama wurinsa kaɗai ake samun fuskar wanda ya rasu. Suna zuwa su faɗi suna da shekara, ya duba akwatunansa ya buga musu.

Ya zazzage ambulan a tebur. Hotuna ne kusan ashirin, dukansu sun yi toka-toka, fuskokin sun dushe kamar an leƙa su ta bayan labule. Ya ce mako uku ke nan duk abin da ya wanke haka yake fitowa. Kwalin takarda biyu sun tafi a banza, takardar da sai daga Legas ake aiko masa, saura falle biyar da yake yawo da su a aljihun ciki. Shi a ganinsa wani ne ke buɗe kwalayen a haske in ba ya nan.

"Gida kuma me suka ce?" in ji Ketura.

"Sun ce na gigice, 'yata. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci yayana zai tara mu, a karɓi mabuɗin ɗakin a hannuna."

Ketura ta ɗauki hularta, ta ce wa Kofur Mikail tunda shi ya fi kowa jin daɗin labarin, shi zai riƙo jakar aiki.

Shagon yana cikin wani lungu da keke napep ba ya shiga sai da dabara. A bakin ƙofa akwai tebur cike da rigunan waya da caza, bayansa wani matashi mai tsabta da fara'a. Baba ya ce ɗansa ne, Uwais. Ya miƙe ya gaishe su da ladabi har da rusunawa.

Daga ciki akwai wata ƙofa da baƙin bargo a rataye. Ketura ta duba kwaɗon, ba alamar an taɓa shi da ƙarfi. Mabuɗi ɗaya ne, kuma yana wuyan Baba, ban da kwana huɗun da ya yi a asibiti watan jiya aka cire masa yanar ido. A kwanakin nan mabuɗin yana rataye a gida. Ya ce a lokacin ne ma Victor mai gyaran wuta ya zo ya sauya wayoyin shagon.

Ɗakin duhun ƙarami ne, yana warin magani. Ga injin buga hoto, ga tire uku a jere, ga akwatunan nagatif har rufi. Sama da tiren akwai wata fitila a cikin gwangwanin ƙarfe mai jan fuska. Ketura ta sa aka bar farar wuta a kunne, ta baza hotunan da suka lalace tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

Ta tambayi me ya sa gefen kowane hoto ya fi tsakiyarsa haske nesa ba kusa ba. Baba ya ce wurin ne ƙarfen injin ke dannewa lokacin da takarda ke kwance ana haska ta. Ya ɗauki hoto ɗaya ya kai shi dab da idonsa.

"Da a kwali aka buɗe ta," in ji shi a hankali, "har gefen zai yi baƙi."

"To a ina haske ya same ta?"

"A nan. A kan teburina, ina tsaye."

Dukansu suka ɗaga kai suka kalli jar fitilar.

Baba ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta taɓa cin amanarsa ba. Ranar da maigidansa ya yaye shi, shi ya raka shi suka zaɓo ta, kuma abin da ya koya masa a ranar bai manta ba. Ba kowane ja ne ja ba. Takardar hoto makauniya ce ga launi ɗaya kawai, wani ja mai duhu, kuma gilashin da aka yi don aikin ne kaɗai ke tace haske ya bar wannan launin. Kwan da aka shafa wa fenti ko aka naɗe da jar leda, ido zai ga ja, amma takarda tana ganin abin da ya ɓuya a ciki. Kwan kada ya wuce wat goma sha biyar, kuma kada a rataye ta ƙasa da kamu uku daga tire. In an gama duk wannan, ba a yarda da ita sai an yi gwajin kwabo.

Ketura ta ce a yi gwajin yanzu. Baba ya ɗan yi jim, don falle biyar ba abin wasa ba ne. Sannan ya jawo wani gwangwanin madara ya fito da tsohon kwabo mai huji. Aka rufe ƙofa, aka saki bargo, aka kashe farar wuta. Ya yanki 'yar siririyar takarda ya ɗora kwabon a kai, suka tsaya minti biyar a cikin jan hasken.

Da ya tsoma takardar a magani, sai ta fara yin toka a gaban idonsu. Wuri ɗaya ne ya tsaya fari, zagaye, da ɗigon toka a tsakiya inda hujin yake.

Kofur Mikail ya hau kujera da sukudireba ya kwance fuskar fitilar. Abin da ya sauko da shi ba gilashi ba ne. Jar roba ce mai layi-layi, irin ta fitilar bayan keke, an yanke ta daidai wa daida har an goge gefen.

Baba ya zauna a kan benci. Ya ce tun da ya dawo daga asibiti ya lura ɗakin ya ƙara haske, amma likita ya gaya masa komai zai washe masa, sai ya yi hamdala. Kullum in ya shigo sai ya gode wa Allah da hasken da ke cinye masa aiki.

Wannan magana ce ta tsaya wa Ketura a rai. Sata ta saba gani, har da ta kayan marayu. Amma mutum ya zauna ya jira tsoho ya warke daga makanta, sannan ya yi amfani da warkewar ya yaudare shi, wannan mugunta ce da aka yi wa lissafi. Ta sa Kofur ya mayar da robar yadda take, ta gargaɗe su biyun kada wanda ya ji an taɓa fitilar.

Kafin su fita ta ga wani baƙin ambulan da aka liƙe da salatif a can saman kanta. Baba ya ce wannan kada a taɓa. Matarsa ce a ciki, Ammatullahi, mahaifiyar Uwais. Ana gobe ambaliya za ta ci Gwange ya haska hotonta a takarda, maganin wanki ya ƙare masa, ya rufe ya ajiye. Ruwa ya tafi da akwatin nagatif na iyali da ke gida, har da nata, ita kuma ta riga ta rasu shekara biyu kafin nan. Hoton yana kwance a takardar ba a gani, kuma sau ɗaya tak za a iya wanke shi. Ya yi ta jiran a gyara masa ido don ya ga fitowarta da kyau. Da idon ya gyaru kuma sai aiki ya lalace, ya ji tsoro.

Victor suka tarar a kan tsani a wani gida can bayan kasuwa. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai taɓa shiga ɗakin duhu ba, a waje ya yi aikinsa. Ketura ta tambaye shi to wa ya sa sabon makunni a bayan bargo, mai irin salatif ɗin da ke leƙowa daga aljihunsa. Ya sauko daga tsanin a hankali.

Ya ce ya shiga, amma tsoro ne ya sa shi ƙarya, don ya ture wata kwalbar magani ta fashe, ya share bai faɗa ba. Fitilar kuwa ya taɓa ta da niyyar goge ƙura, gilashi ne mai santsi da nauyi. Har ya ce zai kawo wa Baba jan kwai na zamani irin na ado, ya fi wannan tsohuwar haske.

"Wa ka gaya wa haka?"

"Uwais, Madam. Shi ya buɗe mini. Ya ce in sauke hannuna, irin wannan kwan ƙona takarda yake yi. Ni dai na ga ja ja ne."

Da suka koma lungun, wata mata ce zaune a dakalin shagon da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta ce sunanta Yagana, daga Konduga. Mijinta ya rasu tana da cikin yarinyar nan, ba ta san fuskar ubanta ba ko a hoto. Baba ya gano mata nagatif ɗinsa, amma zuwanta uku ke nan ana ba ta toka. Wancan zuwan, saurayin da ke teburin waya ya ja ta gefe ya ce ta daina ɓata kuɗin mota, tsohon ya riga ya gigice. Ta dawo ne kawai saboda yarinyar ta ƙi barin maganar.

Ran Ketura ya ɓaci. Ta danne, ta ƙarasa teburin da murmushi.

Uwais ya ba ta kujera ya aiko da ruwan sanyi. Ya yi magana a tausashe, irin ta ɗa mai tausayin uba. Ya ce shekaru ne, ba laifin kowa ba, kuma shi burinsa Baba ya huta. Ɗakin in an buɗe bangon zai yi shago mai kyau, amma wannan ba shi ne a gabansa ba. Ta tambaye shi ko ya san aikin wanki. Ya ce ina, shi ɗan zamani ne, ko sunan magungunan bai sani ba. Ranar da Victor ya zo ma a bakin ƙofa ya tsaya.

A hanya Ketura ta tambayi Baba ko gaskiya ne Uwais bai san aikin ba. Ya ce shekara bakwai Uwais ya yi a ɗakin nan kafin waya ta ɗauke masa hankali, kuma bai taɓa ganin hannu mai kyau irin nasa ba. Ya faɗi haka da alfahari, bai ma gane abin da ya faɗa ba.

Ran Laraba Kofur Mikail ya zaga garejin masu keke. Fasassun fitilu tuli guda ne a bayan kowane gareji, kowa na iya ɗiba, ba wanda ya tuna fuskar kowa. Ketura ta san abin da ke hannunta ƙarya biyu ce da guntun roba, kuma wannan ba zai hana a karɓi mabuɗi ran Juma'a ba. Ta je ta zauna da Baba su biyu kusan awa guda. Da farko ya ƙi dabarar da ta kawo, ya ce a bar shi ya miƙa mabuɗin kawai. Ta nuna masa Yagana da ke zaune a dakali, sannan ya yarda.

Ran Alhamis bayan la'asar ta tara su a ɗakin duhu: Baba, da yayansa Alhaji Babagana wanda yaran gidan ke kira Baba Kura, wato babban baba, da Victor, da Uwais. Kofur ya tsaya a bakin bargo. Ta ce 'yan sanda sun bincika ba su ga hannun kowa ba, za ta rufe fayil. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce dama ya faɗa, tsufa ba ƙarar da ake kai wa hukuma ba ce.

Baba ya ce ya ji, ya kuma yarda. Gobe zai ba da mabuɗi. Amma akwai aiki ɗaya da ba zai bar wa kowa ba, kuma yana so a shaida. Ya miƙa hannu ya sauko da baƙin ambulan.

Aka kashe farar wuta, jar ta rage. Baba ya zuba magani a tire, ya ɗora ambulan a tebur daidai ƙarƙashin fitilar, ya fara ɓare salatif ɗin a hankali. Ketura ba ta kalle shi ba, Uwais take kallo.

Uwais ya ce ko a bari sai wani lokaci, Baba ya gaji. Baba ya ce ba shi da wani lokaci. Uwais ya ce to a kai Kano ko Legas, akwai ƙwararru. Baba ya ce matarsa ce, shi zai wanke ta. Salatif ya gama fita, ya sa yatsa biyu a bakin ambulan.

Uwais ya yi tsalle ya danne ambulan ɗin da tafin hannu, ɗaya hannun ya kai bango ya kashe jar fitilar. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

"Kada ka buɗe ta a wannan hasken, Baba. Za ta ƙone."

Ba wanda ya motsa. Muryar Ketura ta fito daga cikin duhun.

"Me ya sami hasken, Uwais? Shekara arba'in da bakwai yana aiki."

Ta ƙara masa da wata tambayar.

"Kai da ba ka san aikin wanki ba, wa ya gaya maka?"

Kofur ya kunna farar wuta. Baba ya zare ambulan daga ƙarƙashin hannun ɗansa ya zazzage, ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace ne ya faɗo. Ambulan na ainihi yana aljihun rigar Ketura tun da rana.

Uwais ya sulale ya zauna a ƙasa. Bai tsaya musu ba. Ya ce shi ya kwance gilashin bayan tafiyar Victor, Baba yana asibiti, shi ya yanko robar. Gilashin yana cikin aljihun teburinsa a naɗe da tsumma, ya kasa fasa shi. Ya ce shekara biyu yana roƙon a ba shi ɗakin ana ce masa na mutanen Konduga ne. Sannan muryarsa ta sauya.

"Ranar ruwa akwatunan mutanen Konduga ka ɗora a ka, Baba. Har sawu biyar ka yi. Na uwata ka bar shi a gida ruwa ya ci."

Baba ya juyo gare shi.

"Na bar shi, kuma ban daina jin zafin ba. Amma ni da kai mun san fuskarta. Yarinyar da ke waje ba ta taɓa ganin ta ubanta ba, ka ce wa uwarta ta daina zuwa."

Alhaji Babagana ya fara cewa maganar gida ce, a bar ta a gida. Ketura ta ce gidan ne ya zauna mako uku yana kiran ƙanin Alhaji mai gigin tsufa ba wanda ya ɗaga kai ya dubi fitila. Sata ce da ɓarna da gangan, kuma za a rubuta su da sunansu. In Baba ya ga dama daga baya ya nemi sulhu, wannan nasa ne. Alhaji ya sunkuyar da kai, maganar mabuɗi ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Kofur ya kawo gilashin daga teburin waya. Victor ya hau ya mayar da shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba ya ƙi taɓa komai sai da aka sake gwajin kwabo, takarda ta fito fara fes daga gefe zuwa gefe. Hasken ya yi ƙasa sosai, da ƙyar ake ganin fuskar juna. Ya ce yauwa, wannan ne duhunsa.

Kofur ya sa wa Uwais ankwa. Ketura ta ciro baƙin ambulan ta miƙa wa Baba. Uwais ya tsaya a bakin bargo, ya roƙi a bar shi ya gani, minti biyu ne kawai wankin. Ketura ta kalli Baba, don ba ita ke da amsar ba.

Baba ya karɓi ambulan ya mayar da shi saman kanta inda yake. Ya jawo akwatin Konduga ya fara laluben wani nagatif.

"Akwai wadda ta riga mu a layi," in ji shi. "Uwarka za ta jira ka. Ranar da ka dawo da fuskar da za ka kalle ta da ita, mu wanke ta tare."

Kofur ya ɗaga bargo ya fita da shi. A dakali suka wuce Yagana da 'yarta, Uwais bai iya ɗaga kai ba. Ketura ta tsaya ta riƙe bargon, ta ce wa yarinyar ta shigo da sauri kafin haske ya biyo ta, ta zo ta tsaya kusa da tire.